Ranar Da Sarewar Makaranta Ta Cije A Gidana

 

Na yi niyyar wannan makon mu yi maganar tarin da ke kama yara idan hunturu ya kawo kai, amma na ɗaga shi zuwa mako mai zuwa. Akwai abin da ya faru a gidana cikin watan Agusta wanda har yau yake yi mini yawo a rai, kuma na san ko ba ki taɓa ganin irin kayan da zan ba ki labari ba, kin taɓa tsayawa a inda na tsaya.

Ɗan farina, wanda ba zan kama sunansa ba, shekarunsa 13. Bara ya shiga ƙungiyar badujala ta makarantarsu, waɗanda ke yi wa yara kiɗan fareti. Ni na ɗauka ganga za su ba shi, don tun yana ƙarami ba ya barin bayan kwano ya huta. Sai ga shi an ba shi abin busa, wata doguwar baƙar sarewa ta Turawa mai maɓallan ƙarfe, wadda ake kira kilarinet. Da aka zo hutun ƙarshen shekara, malaminsu ya ce ya tafi da ita gida ya riƙa gwaji, saboda faretin ranar 1 ga Oktoba. Makarantar tana da guda huɗu. Uku na roba ne, ɗaya ce kawai ta icce, wadda wani tsohon ɗalibi ya kawo musu kyauta. Ita aka ba ɗana, kuma sai da Abbansu ya sa hannu a takarda cewa za ta dawo yadda ta fita.

Sati biyun farko ba mu da sakat. Daga an yi la'asar sai ki ji ta kamar kukan agwagwa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko mun fara kiwo ne. A hankali sautin ya fara daidaita. Sai kuma rana guda gidan ya yi tsit.

Kin san halinmu. Da na ji shiru sai na gode wa Allah, na ce kunnena ya huta. Ina aikin dare a wannan satin, in dawo da safe a gajiye, in kwanta. Kwana huɗu ban tambaya ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne yaron ya daina gama abincinsa, kuma idan na shigo ɗaki sai ya fita. Na taɓa goshinsa babu zazzaɓi. Na duba idonsa, na duba harshensa, duk lafiya. Ranar ta biyar ina sharar ɗakinsu tsintsiya ta taɓo wani abu a ƙarƙashin gado. Na jawo, sai ga tsohon zanena a naɗe, sarewar tana ciki. Akwatinta kuwa yana gefe a buɗe, babu komai.

Abin da ya faru

Sai na ɗan bayyana miki yadda kilarinet take, don ki gane inda matsalar ta kwana. Ba sanda guda ba ce. Gaɓa biyar ce ake harhaɗawa: bakin da ake busawa, sai wata 'yar gajeriyar gaɓa mai kama da ƙaramar ganga, sai gaɓar sama, sai gaɓar ƙasa, sai ƙarshen mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari. A kowace mahaɗa akwai wuya da ke shiga, akwai baki da ke karɓa. An naɗe wuyan da wani ɓawon bishiya mai laushi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, masu sana'ar suna ce masa kok. Shi ke riƙe gaɓoɓin, shi kuma ke hana iska zurarewa. Idan an gama busa ana warware su, a goge, a jera kowace a gurbinta cikin akwati.

Ɗana ya ga warwarewa da harhaɗawa kullum wahala ce. Sai ya bar ta a haɗe, ya jingine bayan ƙofa, kwana uku, a satin da ruwa bai ɗauke ba a Samaru. Da ya zo cirewa, sauran duk suka fita, amma 'yar gajeriyar gaɓar nan ta cije a wuyan gaɓar sama. Ya murɗa, ya ja, ya sa ƙanensa ya riƙe gefe ɗaya. Ko motsi. A haka ba za ta shiga akwati ba, kuma ba za a iya daidaita sautinta da na sauran 'yan badujala ba, don da wannan gaɓar ake yin hakan, a ɗan jawo ta ko a tura.

Da na kira shi, kafin in buɗe baki hawaye ya zubo. Ya ce, “Umma, wallahi ban yar da ita ba.” Na ce na sani. Gaskiyar magana ban sani ba, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Na riga na tambayi kuɗin sabuwa ta icce tun ranar da aka kawo ta, na san albashina na watanni da yawa ba zai saye ta ba.

Da Abbansu ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da filaya da tsumma, ya ce a ba shi minti biyu. Maƙwabciyata ta ce a zuba tafasasshen ruwa, haka take yi wa murfin kwalba. Ƙanwar maigidan da ke hutu a wurinmu ta ce man gyaɗa. Wani yaron unguwa ya ce a shanya a rana. Kowa da maganinsa, kuma kowa da kyakkyawar niyya.

Abin da ya tsayar da hannuna

Ni kaina na kusa cewa a gwada filayar. Abin da ya hana ni shi ne wani abu da nake gani a wurin aiki kusan kowane wata: zobe a yatsan mai ciki.

Mace za ta zo awo, yatsa ya kumbura, zoben aurenta ya nutse cikin nama. Kafin ta iso an riga an ja, an murɗa, an fizga a gida. Duk ja ɗaya yana ƙara kumburin, har yatsan da zai saki zobe da ruwan sabulu ya kai ga sai an yanke zoben. Mu a asibiti ba ma fara da ja. Mukan ɗaga hannun sama da ƙirji na ɗan lokaci, mu sa shi a ruwa mai sanyi, kumburin ya ɗan sauka, sannan a shafa abu mai santsi a juya zoben sannu sannu. Kafin duk wannan kuma mukan tambayi kanmu me ya kumbura yatsan.

(Tun da na taɓo nan, bari in faɗa: idan kina da ciki da ya wuce sati 20, kika ga hannu da fuska sun kumbura farat ɗaya, musamman da ciwon kai ko gani dishi-dishi, ki je a auna jininki a ranar. Yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga. Idan kuma yatsa mai zobe ya canza launi ko ya mutu, asibiti za a nufa.)

Na kalli sarewar nan na ce wa maigidan, “Abban yara, wannan kumburi ne. Don Allah ajiye filayar zuwa gobe.” Ya dube ni ya ce, “To, Sista, mun ji.” Idan ya kira ni Sista na san zolaya ce, amma ya ajiye.

Wayar da ta fi komai wuya

Washegari na ce wa yaron za mu kira malaminsu, kuma shi zai yi bayani da bakinsa. Ya roƙe ni in bari mu gyara a ɓoye, malam ba zai taɓa sani ba. Na fahimce shi, don ni ma tunanin ya zo mini cikin dare. Amma kayan ba namu ba ne. Idan muka taɓa muka ɓata, mun haɗa laifi biyu: na ganganci da na cin amana. Idan ma muka yi sa'a ta fita, na koya masa cewa ɓoyewa tana biya.

Ya riƙe wayar hannunsa na rawa, ya faɗi komai, har da kwana ukun bayan ƙofa. Malam ya yi shiru, sannan ya tambaya, “An sa mata ƙarfe?” Yaron ya ce a'a. “An zuba ruwa?” A'a. Sai na ji ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce in karɓi wayar, ya kwatanta mini shagon wani dattijo a Sabon Gari, tsohon mabushin soja da ya yi ritaya, wanda ke gyara wa makarantu da majami'u kayan busa.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan mutum a Zariya. Garin busa ne ta kowane gefe. A birni akwai masu algaita da kakaki na fadar Zazzau, waɗanda muke ji ranar hawan sallah. A wannan gefen kuma akwai Depot na sojoji da ke horar da kurata tun 1924, da makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954, ga majami'un Sabon Gari da Wusasa. Inda ake fareti dole a sami badujala, inda ake badujala dole wani ya iya gyara.

A shagon Baba

Muka naɗe gaɓar da ta cije cikin tawul, sauran a akwati, muka hau mota daga Samaru, muka wuce Palladan da Kwangila, muka sauka muka shiga Keke zuwa bayan kasuwar Sabon Gari. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ƙahonin tagulla a rataye, agogunan bango da suka tsaya, da wani dattijo mai tabarau a kan benci.

Na gaishe shi, na fara bayani. Ya ɗaga hannu ya ce, “'Yata, bari mai kayan ya faɗa.” Yaron ya sake maimaita labarin, karo na uku ke nan, kuma na lura wannan karon muryarsa ba ta rawa.

Baba ya karɓa, ya jujjuya, ya leƙa cikin ramin ta wajen haske, ya bi jikin iccen da farce yana neman tsaga. Bai ja ba ko sau ɗaya. Ya ce, “Ba ta fashe ba. Ku bar ta, ku dawo jibi da yamma.”

Na ce, “Baba, daga Samaru fa muke. Ba za a iya cirewa yau ba?”

Ya ce, “Za a iya. In kina son ki koma da ita gida biyu.”

Ya buɗe wani kabad, ya kwantar da ita, ya zuba 'yan ƙullin nan masu kama da gishiri da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani, waɗanda ke tsotse laima. Ya rufe. Shi ke nan aikin ranar.

Da muka koma, ya zaunar da yaron kusa da shi. Ya kama gaɓar sama a inda babu maɓalli, ya kama gajeriyar da ɗaya hannun, ya ɗan girgiza ta gefe da gefe kamar mai gwada haƙorin yaro da ke shirin fita, yana haɗawa da 'yar murɗa. Ya tsaya, ya sake. A karo na huɗu ko na biyar sai muka ji wani ɗan ƙara, ta zame ta fito. Ɗana ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin abin ya faru.

Me ya sa icce ke yin haka?

Baba ya nuna mana wuyan. Sama da kok ɗin da ƙasansa akwai wani siririn zobe a jikin iccen da ke ƙyalli kamar an goge shi da mai. Ya ce nan ne icce ya gogi icce. Kok ɗin ma ya bushe ƙamas don ba a shafa masa mai ba, amma babban mai laifin iccen ne da ya sha ruwa.

Icce ko an sare shi shekara hamsin bai daina shan laima da fitar da ita ba. Idan ya sha yakan kumbura, kuma ta faɗi yake kumbura fiye da ta tsawo. Idan ya bushe ya tsuke. Ita kilarinet ta ciki da waje take sha. Numfashin mai busa yana da ɗumi da laima, yana taruwa ya zama ruwa a cikin ramin, kuma mahaɗar da ta fi kusa da baki ita ta fi jiƙa. Ga shi bakin da ke karɓa an ɗaure shi da zoben ƙarfe don kada ya tsage, saboda haka ba shi da wurin buɗewa. Wuya na kumbura, baki ya ƙi buɗewa, sai su cije.

Sannan ki duba inda muke zaune. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, Agusta kuma shi ne tsakiya. A lokacin laimar iska kan haura kashi 70 cikin 100. Zuwa Janairu, hunturu ya busa, sai ta sauko wajen kashi 20 ko ƙasa. Icce a garinmu kullum yana kan hanya tsakanin waɗannan biyun.

Ita kuwa sarewar an ƙirƙire ta ne a ƙasar da ba ta san hunturunmu ba. Wani maƙerin kayan busa mai suna Johann Christoph Denner ake danganta ta da shi, a birnin Nuremberg na Jamus, wajen shekarar 1700. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne iccen da ake yin masu tsadar da shi namu ne na Afirka. Wani baƙin icce ne mai nauyi da ke tsirowa a busassun dazuzzuka tun daga Senegal har gabashi da kudancin nahiyar, an fi saro shi a Tanzaniya da Mozambik, inda ake ce masa mpingo. Bishiyar kan yi fiye da shekara 60 kafin ta isa sara. Shi kuma kok ɓawon wata bishiya ce da ƙasar Fotugal ta fi kowa nomawa. Da na gaya wa ɗana cewa abin da ya jingine bayan ƙofa ya girmi kakarsa, sai ya yi shiru.

Gyaran da bai wuce kima ba

Nan ne na fi ƙaruwa. Baba ya ɗauko wata 'yar wuƙa da samfefa mai laushi ƙwarai. Ya kankare wurin da ke ƙyalli kaɗai, abin da ya fita bai kai ƙurar da ke kan farce ba. Ya gwada, ya sake taɓawa kaɗan, ya gwada. Sannan ya shafa wa kok ɗin mai, ya haɗa. Ta shiga, amma da ɗan ƙarfi.

Na ce, “Baba, har yanzu kamar da sauran tsauri. A ƙara mana kaɗan tun da mun zo.”

Ya cire tabarau ya ce, “'Yata, yau wane wata?” Na ce Agusta. Ya ce, “Abin da na cire yau ba ya dawowa. In na sa ta shiga yadda kike so yanzu, Janairu za ta riƙa rawa a hannun yaron nan, iska na fita ta gefe, wata rana ta zame ta faɗi a filin fareti. Ana gyaran damina ne da tunanin rani.”

Nan take na tuna ƙofar ɗakin girkina. Shekara uku da suka wuce ta cije a damina, na kira kafinta na tsaya a kansa na ce ya fere ta sosai, na gaji da dukan ta da kafaɗa. Ya fere. Hunturu na zuwa sai ga rata da za ki zura yatsu biyu, ƙura na shiga, ɓera na shiga. Har yau da tsumma nake toshewa. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma ni na ba da umarni.

In ta faru a gidanki

Makarantu da yawa yanzu suna ba yara kayan busa, daga ƙaramar sarewar roba ta 'yan firamare zuwa irin wannan. Ga abin da na koyo, ki ajiye a wayarki.

Da farko, kada a sa ƙarfi, kada a sa filaya ko wani ƙarfe. Kada a damƙi maɓallan a murɗa, lanƙwashewa suke yi, kuma gyaransu ya fi na mahaɗar tsada.

Kada a zuba ruwan zafi, kada a shanya a rana, kada a kai kusa da murhu. Saurin canjin zafi ke tsaga iccen, ruwa kuma ƙara kumburin yake yi ya lalata 'yan fatun da ke ƙarƙashin maɓallai.

Kada a ɗura man gyaɗa, man inji ko kananzir. Suna jiƙa kok, su saki mannin da ke riƙe da shi.

A sanar da mai kayan tun kafin a taɓa.

A goge cikin ramin, a kwantar da ita a busasshen wuri mai inuwa kwana ɗaya zuwa uku. In kina da 'yan ƙullin tsotse laima ki sa a kusa, amma ki nisanta su da ƙananan yara, kada su kai baki. Bayan nan a gwada girgizawa a hankali tare da 'yar murɗa. In ta ƙi, a kai wa mai gyara.

In ta fita, a duba wane ne mai laifi. Idan babu ƙyalli a jikin iccen, kuma tsaurin yana farawa ne daidai lokacin da kok ya shiga, to kok ne. Sau da yawa mai kawai yake so. Akwai man da aka yi don shi, yana zuwa cikin 'yar roba kamar ta man leɓe, ana samu wajen masu sayar da kayan kiɗa. Baba ya ce a zamaninsu na bariki da tataccen kitsen rago suke yi. Kaɗan ake shafawa da yatsa. In sabon kok ne mai kauri, mai gyara zai rage shi da samfefa. Idan kuwa akwai zoben ƙyalli a jikin iccen, wannan ba aikin gida ba ne sam.

Rigakafin kuma minti uku ne: duk lokacin da aka gama busa a zura ƙyallen gogewa ta cikin ramin, a warware gaɓoɓin, a tsane ruwan da ke cikin kowane baki, a mayar akwati a rufe.

Yanzu da hunturu ke tafe matsalar za ta juya. Iccen zai tsuke, zobban ƙarfen nan na iya sakin jiki har su riƙa juyawa. In kika ga haka kada yaro ya haɗa ta, don zoben ne ke kare bakin daga tsagewa, a kai a ɗaure shi tukuna. Da sanyin asuba kuma ya ɗumama gaɓar sama a hannu ko a hammata kafin ya hura mata numfashi mai zafi.

In kuwa ke za ki saya wa ɗanki, shawarar Baba ita ce ta roba. Ba ruwanta da damina ko rani, ta fi araha, kuma mai koyo ba zai ji bambanci ba. Ni kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya zan ƙara da cewa kowane yaro ya riƙe bakin busarsa shi kaɗai, a riƙa wanke shi da sabulu da ruwan da ba shi da zafi. Mura da ƙurajen leɓe ba sa neman izini.

Kwana huɗun da ban tambaya ba

Kuɗin da Baba ya karɓa bai kai na motar da muka kashe zuwa da dawowa sau biyu ba. An yi fareti ranar 1 ga Oktoba, na yi musayar aiki da wata abokiyar aikina na je na tsaya a rana, na hango ɗana a layi na biyu. Ban iya bambance sautinsa cikin na sauran ba, amma na ga yatsunsa na tafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana huɗun nan. Yaro yana kwana a kan abin da ke hana shi cin abinci, a cikin gidana, ni da nake gane ciwon baƙo daga yadda ya shigo ɗakin jinya. Daga baya na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini tun ranar farko ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na tuna ranar fulas.” Watanni kafin nan ya fasa mini sabon fulas ɗin shayi, na dawo daga aikin dare, na yi masa faɗan da har maƙwabta suka ji. Ni na manta. Shi bai manta ba.

Ba ina cewa a daina yi wa yara faɗa ba. Ya yi ganganci, kuma ya biya: daga kuɗin tararsa aka cire na mota, shi ya kira malam, shi ya yi wa Baba bayani. Amma na gane cewa irin faɗan da na yi a kan fulas shi ya sa sarewa ta kwana biyar a ƙarƙashin gado. Da ya yi ƙarfin halin gwada filaya shi kaɗai don gudun bakina, da yanzu wani labarin nake ba ki. Yau sarewa ce. Gobe yana iya zama ciwo a jikinsa, ko wani babba da ya taɓa shi inda bai dace ba, ko bashin da ya ci a makaranta. Ina so in zama wadda zai fara zuwa wurinta.

Tun daga lokacin muka yi yarjejeniya a gidan: wanda ya kawo laifinsa da kansa a ranar da ya yi, za a saurare shi har ya gama kafin a ce komai. Hukunci na iya biyo baya, amma ba ihu. Ƙaramar ta riga ta gwada ni sau biyu, ɗaya da gilashin tagar maƙwabta. Na cije leɓe na cika alkawari, da ƙyar.

Ke fa, 'yar'uwa? Wane abu ɗanki ya taɓa ɓoye miki, kuma ta yaya kika gano? Akwai ƙofa ko durowar da kika sa aka fere a damina kina da-na-sani da rani? Ki rubuto mana a ƙasa, ina karantawa ko da a wurin aikin dare ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar tarin hunturu: wanda za a yi wa jinya a gida da wanda ba a kwana da shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu.